Tsufan Maɓallan Tangaran

Tun da Mai Ƙwai ya fara tuƙi bai taɓa ɗaukar kayan da suka tayar masa da hankali kamar wannan ɗan akwatin roba ba, wanda ko girman kwalin takalmi bai kai ba. Mutumin da ke loda ƙwai har rufin mota ya ratsa gari ko ɗaya bai tsage ba, yau shi ne tsaye a bakin gadon 'yarsa yana ta goge tafin hannu a jikin riga kafin ya karɓa.

"Baba, zauna tukuna. Maimaita min abin da na ce."

"Haba Injiniya, sau nawa? Ko ɗan firamare ai ya haddace."

"To karanto haddar mu ji."

Injiniya yake kiranta tun tana ƙarama, ranar da ta warware masa rediyo ta kasa mayarwa. Ga shi sunan ya bi ta har jami'a, inda take ƙarasa digiri na biyu. Sai dai yanzu ga tsohon ciki, ga hawan jini, likita ya ɗaure ta a gado: ba fita, ba hawa mota, ba ɓacin rai. Mijinta aiki ya kai shi nesa, shi ya sa ta dawo ɗakinta na da, kusa da mahaifiyarta.

Ta buɗe akwatin a kan cinyarta. A ciki akwai wasu 'yan abubuwa kewayayyu kamar maɓallan babbar kwat, na tangaran, an shafe fuskokinsu biyu da ruwan azurfa. Hawa biyu aka jera su, da soso mai kauri a tsakani. Da hannunta ta niƙa garinsu, ta matse, ta gasa a tanderun makaranta. Ta sha gaya masa cewa irinsu ne a cikin kowace waya da kowane rediyo, ƙanana ƙwarai, aikinsu su riƙe wutar lantarki su sake ta idan an buƙata. Matsalarsu ɗaya, tsufa suke yi. Daga ranar da suka fito daga wuta, abin da suke iya riƙewa raguwa yake kaɗan-kaɗan.

"Na hawan sama ba ki sa musu komai ba," in ji Mai Ƙwai yana ƙirgawa da yatsa. "Na hawan ƙasa kin barbaɗa musu wani gari na daban, kamar gishiri a miya, ko zai rage musu saurin tsufa. Wata da watanni suna kwance a ƙasan kabad ɗin uwarki. Yau za a auna a ga wa ya fi wani tsufa."

"Sai me?"

"Kada su jiƙe. Kada su faɗi. Kada su ji zafi."

"Zafin shi ne babba, Baba. Nawa ba sa son zafi ko kaɗan. Idan ya kai na ruwan da hannu ba ya iya daɗewa a ciki, sai su manta da duk tsufan da suka yi, su koma jarirai. Ba za su fashe ba, ba za su canja launi ba, ba abin da ido zai gani. Watannin nan ne kawai za su tafi a banza. Kuma in ban miƙa sakamako a wannan watan ba, sai baɗi."

Mahaifiyarta da ke naɗe zannuwa a gefe ta ce, "Ina ma mutum ma haka yake. Da yau na hau kan murhu na zauna, na sauko 'yar budurwa."

"Ke ai ko tanderun makarantar tasu aka saka ki, sai dai ki fito da faɗanki sabo," in ji shi.

"Ka ji shi. Kai dai riƙe kayan mutane da kyau."

Injiniya ta yi dariya, sannan ta dafa ciki ta lumshe ido. Ya kalli ƙafafunta da suka kumbura, ya kau da kai. Ya ɗauki akwatin da hannu biyu ya fita.

A waje ya tsaya yana nazarin motarsa. Tsohuwar motar kaya ce mai gajeren hanci, irin wadda injinta ke ƙarƙashin direba, tsakanin kujeru biyu. Baya babu kaya yau, in ya sa akwatin can zai yi ta tsalle. Kujerar fasinja kuwa rana ta riga ta kwanta a kanta. Sai idonsa ya sauka a kan murfin inji, wannan shimfiɗaɗɗen wuri da ke gefen cinyarsa. Duk motar babu inda ya fi shi natsuwa. Nan yake ɗora kiret ɗin manyan masu sayensa da sassafe, waɗanda ba sa yafe ƙwai ɗaya mai tsaga. Ya ɗora akwatin a kai, ya tokare shi da tsumma ta kowane gefe, ya rufa masa farin tawul don kada rana ta leƙo ta taga. Ya ja baya ya duba aikinsa, ransa ya yi fari.

Cibiyar binciken da ke da na'urar awon tana can ɗaya gefen gari, bayan gada, inda mai kula da na'urar, da suke kira Mai Awo, yake jiransa. Ya kama hanya a hankali, yana kauce wa kowane rami kamar mai ɗauke da jinjiri. Na baya suna ta matsa masa ham, yana ɗaga musu hannu su wuce.

A hawan gadar komai ya tsaya. Wata babbar mota mai ɗauke da rodi ta mutu a tsakiya, ta tare layi biyu. Gaba motoci, baya motoci, ko babur da ƙyar yake kutsawa. Mai Ƙwai bai kashe inji ba, don batirinsa ya daɗe yana masa wasa, in ya kashe a nan sai an tura, kuma wa zai tura maka mota a hawan gada? Ya bar shi yana ta gurnani.

Rana ta ɗaga. Gumi ya fara bin bayansa. Duk lokacin da hasken ya matso kusa da tawul ɗin sai ya gyara shi, har ya cire hularsa ya rataya a jikin madubi don ta ƙara inuwa. Waya ta yi ƙara.

"Baba, kana ina?"

"Kan gada. Cunkoso ne ɗan kaɗan."

"Suna lafiya?"

"Lafiya lau. Suna cikin inuwa kamar masu sarauta, ni ne dai nake gasuwa. Ke kwanta abinki, kin ji abin da likita ya ce."

"Mai Awo yana jira. Bayan yau na'urar ta wasu ce har ƙarshen wata."

"Zan kai su. Kashe wayar ki huta."

Aka ci gaba da zama. Direban da ke gefensa ya fito ya hau kan taya yana hangen gaba, ya sauko yana zage-zage. Allurar zafin inji ta wuce tsakiya tana hawa, Mai Ƙwai ya zuba mata ido yana addu'ar kada ruwa ya tafasa. Tunanin motar yake yi, da kunyar mutuwarta a nan. Can aka fara motsi a gaba. Ya miƙa hannu zai kama giya, gefen tafinsa ya goga a murfin inji inda tawul bai rufe ba.

Ya fizge hannun kamar wanda kunama ta harba.

Na ɗan lokaci bai fahimci komai ba, yana dai kallon hannunsa. Sannan ya tuna da maɓallan. Ya yaye tawul ɗin, ya sure akwatin. Samansa da ɗan ɗumi kawai. Ya kai ƙasansa ga kumatunsa, sai da ya kau da fuska. Robar har ta yi laushi.

"Innalillahi," ya ce a hankali. "Innalillahi. Me na yi?"

Shi da yake ɗora ƙwai a nan da sanyin safiya, tafiyar da ba ta da nisa, inji bai gama farkawa ba. Bai taɓa zama da motar a tsaye cikin rana haka da kaya a wurin ba. Rana ya yi ta tsaro, ashe wutar tana ƙasa.

Ya riƙe akwatin a bakin taga yana hura masa iska da baki. Ya kai hannu ga gorar ruwa, ya tuna ta ce kada su jiƙe, ya mayar. Na baya suka haɗa baki da ham, wani ya leƙo yana ihu, "Kai tsoho, barci kake? Hanya ta buɗe!" Ya naɗe akwatin a tawul, ya ajiye a kujera, ya ɗaure shi da bel, ya ja mota.

Duk sauran hanyar ciniki ya yi ta yi da zuciyarsa. Wataƙila zafin bai ratsa robar ba. Wataƙila bai kai wanda ta faɗa ba. A wata mahaɗa da fitila ta tsayar da shi, ya ɗora tafinsa a kan murfin don ya gwada ko hannu zai iya daɗewa. Bai iya ba.

A cibiyar, mai gadi ya nuna masa wani dogon baranda mai sheƙi. Ɗakin awon yana ƙarshe, sanyinsa har cikin ƙashi. Mai Awo dogon mutum ne mai tabarau da farar riga, ya taso da fara'a.

"Baba, sannu da hanya. Kai ne mahaifin Injiniyarmu? Ga kamar nan a goshi. Ya jikin nata?"

"Da sauƙi."

"Ta dame ni da waya tun safe, kamar ni na tare gadar. Kawo su nan. Zauna mana, kana ta gumi."

Mai Ƙwai ya zauna a bakin kujera. Bari dai a auna tukuna, ya gaya wa kansa. In ba abin da ya same su, me ya kai shi tayar da ƙura?

Mai Awo ya bar akwatin a buɗe ya sha sanyin ɗakin, sannan ya fara. Da ɗan hantsaki yake ɗaukar kowane maɓalli, ya maƙale shi tsakanin wasu tsinkayen ƙarfe biyu, ya rufe, ya danna. Lambobi su fito a allo su yi ta rawa, sannan su tsaya. Ya bi na hawan sama ɗaya bayan ɗaya yana gyaɗa kai.

"Waɗannan sun tsufa yadda aka zata. Sun rage ƙarfi sosai, irina." Ya yi dariya, ya ɗaga soson. "To, bari mu ga 'yan gatan."

Ya maƙala na farko. Lambobi suka tsaya. Ya matso da fuskarsa kusa da allo. Ya ciro maɓallin, ya goge tsinkayen, ya mayar. Ya sa na biyu. Ya sa na uku.

"Kai!" in ji Mai Awo. "Kai, kai, kai! Baba, zo ka gani."

Mai Ƙwai ya taso ya matso kusa da allon.

"Ka ga wannan lambar? Ita ce ta ranar da aka gasa su. Ka ga ta yau? Kusan ɗaya. Ko gezau ba su yi ba! Mu rage saurin tsufa muke fata, ita kuwa yarinyar nan tsayar da shi ta yi cak. Wallahi na daɗe a ɗakin nan ban ga irin wannan ba. Malaminta in ya gani sai ya yi rawa."

Sai a lokacin Mai Ƙwai ya gane irin ramin da ya faɗa. Ya zo yana tsoron a ce masa kaya sun lalace. Ashe ɓarnar tasa kayan nasara ta sanyo. Na ƙasa sun gasu sun koma jarirai, na sama soso ya kare su sun ci gaba da tsufansu. Duk wanda ya kalli allon nan zai rantse garin Injiniya ne ya yi aiki.

Kuma ba wanda ya sani sai shi. Ba tsaga, ba tabo. In ya ja bakinsa ya yi shiru, yanzun nan za a kira ta, ta yi murna, jinin ya sauka, ta miƙa takardunta ta haihu da kwanciyar hankali. Ya hango fuskarta tana dariya, har ya ji daɗin abin a ƙirjinsa. Shekarunsa nawa yana neman abin da zai yi mata da hannunsa, tun da karatunta ya wuce inda zai iya taya ta?

Amma ya san ƙwan da zafi ya taɓa. Ɓawonsa lafiya lau, sai an kai gida an fasa. Kuma mai saye ba ya zuwa neman direba, wanda sunansa ke jikin kiret yake nema. Wata rana wani zai niƙa irin garin nan, ya gasa, ya jira, ya ga nasa sun tsufa. Sannan a tsayar da ita gaban manya a tambaye ta inda ta samo lambobinta, ita kuma ta rantse da gaskiyarta, don ba ta sani ba.

Mai Awo ya riga ya ciro waya. "Bari in yi mata albishir da kaina, in karɓi tukwicina."

Mai Ƙwai ya kama masa wuyan hannu. Bai san ya riƙe da ƙarfi haka ba sai da ya ga mutumin ya zaro ido.

"Ɗana, dakata. Kada ka kira."

"Lafiya, Baba?"

"A kan murfin inji na ɗoro su. Muka daɗe a gada, inji yana ci. Da na ɗaga, ƙasan akwatin ba ya taɓuwa."

Mai Awo ya ajiye wayar a hankali. Ya ɗauki akwatin ya juya shi, ya shafa ƙasansa da ya ɗan lotsa. Ya cire tabarau ya murje idanu.

"Dama zuciyata ta ce abin ya yi kyau da yawa," ya ce. "Amma mutum yana so ya yarda."

"Na'urar taka ba za ta iya rarrabewa ba? Ta nuna wanne ne aikin garin, wanne ne aikina?"

"Lamba kawai take bayarwa, Baba. Ba ta faɗin dalili. Mai yiwuwa garin ya yi aiki, mai yiwuwa bai yi ba. Yanzu ba mai iya sani." Ya kalli wayar, sannan ya ce, "In gaya mata?"

"A'a. Ni na ɗauko su, ni zan gaya mata."

Matarsa Mai Ƙwai ya fara kira. Ya ce ta je ta zauna kusa da yarinyar, ta ajiye abin awon jini a hannu, sannan ta ba ta wayar.

"Me ka yi?" in ji matar, muryarta ta canja. "Malam, me ka yi?"

"Ba ta wayar dai."

Ya gaya wa Injiniya komai a tsaye, fuskarsa ga bango, bai rage ba, bai ƙara ba. Har lambobin masu kyau ya gaya mata. Yana jin numfashinta, yana jin fankar ɗakin tana juyawa.

"A kan murfin inji, Baba?"

"Nan ne ba ya girgiza."

"Sau nawa na ce zafi? Da bakinka ka maimaita min. Da bakinka!" Muryar ta karye. Ya ji mahaifiyarta tana cewa yi a hankali, yi a hankali, jingina, miƙo hannun. Ya ji ƙarar abin awon yana hura iska. Ya dafa bango. Bai taɓa jin jira mai tsawon wannan ba.

Da ta dawo kan wayar muryarta a dashe take. "Ba Mai Awo wayar."

Suka daɗe suna magana da kalmomin da bai sani ba. Mai Awo yana ta "To," "Haka ne," "Ni ma shi na gani." Daga ƙarshe ya miƙo masa wayar a kashe, ya nufi wani ƙaramin tanderu mai ƙofar gilashi a kusurwa, ya kunna. Ya jera na hawan ƙasa a kan faranti. Sannan ya kai hantsaki ga na hawan sama.

"Tsaya!" in ji Mai Ƙwai. "Waɗannan ai ban ɓata su ba. Kai da kanka ka ce sun tsufa daidai."

"Sun tsufa, Baba, amma ba su da abokan gwaji kuma. Tsoho da jariri ba sa tsere. Ta ce a gasa su duka yau, a haife su rana ɗaya, a fara ƙirga daga farko. A nan za su zauna, a kabad ɗinmu."

"Ke nan bana ta wuce ta."

"Ta wuce ta."

Mai Ƙwai ya tsaya yana kallo ta gilashin, maɓallan suna jere a cikin jan haske, ba abin da ya canja a jikinsu. Wayar ta yi ƙara a hannunsa. Ita ce.

"Baba."

"Na'am, Injiniya."

"Mama ta auna. Ya hau, amma bai kai na asibiti ba." Ta ja hanci. "Ka taho gida. Amma don Allah kada ka yi min magana yau."

"To," ya ce. "To."

Ta kashe. Bai motsa daga gaban tanderun ba, har sai da Mai Awo ya jawo kujera ya ajiye a bayansa, ya dafa masa kafaɗa ya zaunar da shi.